Tsadar Gwani da Farashinsa: Tarihin Cinikin Taurarin Besbol a Amurka

A watan Fabrairun 2004 aka yi wani ciniki a wasan besbol na Amurka wanda ɗan kasuwa zai so a maimaita masa labarinsa kafin ya yarda. Kulob ɗin Texas Rangers ya miƙa wa New York Yankees ɗan wasansa Alex Rodriguez, wanda watanni uku kafin nan aka zaɓa gwarzon shekara na rukunin American League, yana da shekara 28, yana tsakiyar ƙarfinsa. Texas ba ta karɓi ko sisi ba, ita ce ma ta biya. Ta ɗauki nauyin dala miliyan 67 daga cikin miliyan 179 da suka rage a kwantiraginsa, aka ba ta Alfonso Soriano da wani matashi. Shekara 84 kafin nan, Yankees ɗin ce ta biya Boston Red Sox dala 100,000, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da irinsa ba, don ta samu Babe Ruth. Kowanne cikin mutanen biyu babu kamarsa a zamaninsa, amma na farko an saye shi da tsada, na biyu kuwa sai da aka haɗa shi da kuɗi kafin a karɓa. Bambancin ya samo asali ne daga abin da ake ciniki a kansa. Farashin ɗan wasa a kasuwar musaya shi ne tazarar da ke tsakanin abin da yake jawo wa kulob da abin da ake biyansa. Inda tazarar ta yi faɗi yakan yi tsada, inda ta rufe yakan faɗi, komai gwanintarsa. Tarihin wannan kasuwa tarihi ne na jayayya a kan wa zai ci wannan tazara, kuma ni ina ganin faɗuwar farashin tauraro mai babban albashi shaida ce ta cewa kuɗin ya koma hannun wanda ya yi guminsa.

Mai karatun da ya saba da ƙwallon ƙafa yana bukatar ya san inda al'adun biyu suka rabu. A Turai, idan kulob yana son ɗan wasa, yakan biya kulob ɗinsa kuɗin sauya sheƙa, sannan ya zauna da ɗan wasan a ƙulla sabuwar yarjejeniya, tsohuwar ta mutu. A babbar gasar besbol, mai kulob 30 da wasa 162 a kowace kaka, kwantiragi yana bin ɗan wasa duk inda aka kai shi, da albashinsa da shekarunsa da sharuɗɗansa. Kuma kuɗin tabbatacce ne: ko ya ji rauni, ko hannunsa ya daina tasiri, ko an sallame shi, dole a biya shi har ranar ƙarshe. Saboda haka wanda ya karɓi tauraro ya karɓi abu biyu lokaci guda, aikin da ake sa ran zai yi da kuma bashin da ke kan takarda. Yawancin cinikin yau musaya ce ta mutum da mutum, sau da yawa tauraro ɗaya da matasa uku ko huɗu, kuɗi kuwa yakan shigo ne don daidaita nauyin bashin.

Tushen lamarin yana shekarar 1879. A lokacin 'yan wasa suna tsallakawa daga wannan kulob zuwa wancan a ƙarshen kowace kaka, albashi yana ta hawa, sai masu kulob-kulob na rukunin National League suka amince a tsakaninsu cewa kowa zai keɓe mutum biyar da babu wanda zai taya. Cikin 'yan shekaru keɓewar ta mamaye dukan 'yan wasa, ta zama sharaɗi a cikin kowane kwantiragi, wanda za mu kira sharaɗin riƙo. Ma'anarsa a aikace ita ce, idan yarjejeniya ta ƙare kulob yana da ikon sabunta ta, kuma masu kulob suka fassara wannan iko da cewa ba shi da ranar ƙarewa. Ɗan wasa yana da zaɓi biyu kacal, ya karɓi abin da aka ba shi ko ya bar sana'ar. Nan take wannan iko ya zama haja. A 1887 Chicago ta sayar wa Boston King Kelly a kan dala 10,000, jama'a suka yi ta mamaki. John Montgomery Ward, ɗan wasa kuma lauya, ya ga inda aka dosa. Ya jagoranci ƙungiyar 'yan wasa ta farko, har a 1890 suka ɓalle suka kafa tasu gasar, amma kaka ɗaya ta yi ta rushe. Daga nan sharaɗin riƙo ya zauna daram har shekara 85.

Cinikin Babe Ruth ya nuna yadda tsarin ke aiki ƙarara. A 1919 Ruth ya yi hom-ran 29, wato bugun da mai bugu ke kewaye fili gaba ɗaya da shi, galibi saboda ƙwallon ta tsallake katanga, kuma babu wanda ya taɓa yin adadin a kaka ɗaya kafin shi. Albashinsa dala 10,000 ne a shekara, ya nemi a ninka masa. Mai Red Sox, Harry Frazee, wanda ke harkar shirya wasan kwaikwayo kuma bashi ya yi masa yawa, ya zaɓi ya sayar. A ƙarshen Disambar 1919 aka ƙulla ciniki da Jacob Ruppert da abokin tarayyarsa Tillinghast Huston, dala 100,000 a biya kashi-kashi, da rancen dala 300,000 wanda aka jinginar da filin Fenway Park a kansa. Ruth ya samu ninkin albashin da ya nema, sannan ya yi hom-ran 54 a 1920 da 59 a 1921. 'Yan kallon Yankees, waɗanda ba su wuce dubu ɗari shida da 'yan kai ba a 1919, suka haura miliyan 1.2 a 1920, kuma a 1923 kulob ɗin ya buɗe katafaren filinsa na kansa. Abin da Ruppert ya saya da dala 100,000 shi ne ikon biyan Ruth ƙasa da ƙimarsa har ƙarshen wasansa. Frazee ya ci rabonsa na tazarar a dunƙule, Ruppert ya ci nasa shekara bayan shekara, shi kuwa mai sandar bugun ba a ba shi komai daga kuɗin sayensa ba. Ko lokacin da albashinsa ya kai dala 80,000 a 1930, ya fi na shugaban ƙasa, babu wani kulob na biyu da aka yarda ya yi tayi don a san ainihin farashinsa.

Doka ma ta tsaya wa masu kulob. A 1922 Kotun Ƙolin Amurka, ta bakin alƙali Oliver Wendell Holmes, ta yanke cewa besbol bai shiga cikin kasuwancin da dokar hana babakere ta tarayya ta shafa ba, aka kuma sake tabbatar da hukuncin a 1953. Da wannan kariya 'yan wasa suka zama rumbun ajiyar masu kulob, wanda ake buɗewa idan aljihu ya yi sanyi. Connie Mack na Philadelphia Athletics ya gina zakaran kulob sau biyu ya kuma wargaza shi sau biyu, na farko bayan 1914, na biyu a shekarun karayar tattalin arziki na 1930, inda ya sayar da Mickey Cochrane da Lefty Grove da Jimmie Foxx don ya toshe giɓin asusunsa. A 1974 masanin tattalin arziki Gerald Scully ya auna abin da 'yan wasa ke jawowa da abin da ake biyansu, ya tarar cewa abin da ke shiga hannun taurari ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin da suke samarwa. Wannan ne dalilin da ya sa a wancan zamanin ba a jin labarin tauraron da albashinsa ya hana a karɓe shi. Kowane gwani riba ce a tafe, domin an danne albashinsa tun daga tushe.

Juyin ya fara ne a 1966, lokacin da 'yan wasa suka ɗauko Marvin Miller, masanin tattalin arziki daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, ya shugabanci ƙungiyarsu ta ƙwadago. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dala 6,000 ne, yarjejeniyar farko ta 1968 ta kai shi 10,000. Sai ga shari'ar Curt Flood. A watan Oktoban 1969 St. Louis Cardinals ta tura shi Philadelphia Phillies bayan ya yi mata kaka 12, yana karɓar dala 90,000, albashi mai tsoka a wancan lokacin. Flood, baƙar fata da ya ɗanɗana wariya a ƙananan gasa na kudancin ƙasar, ya ƙi tafiya. Ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, cewa shi ba dukiya ba ne da za a saya a sayar ba tare da an tambaye shi ba. Ya kai ƙara, a 1972 Kotun Ƙoli ta kayar da shi da ƙuri'a biyar da uku, wasansa kuma ya mutu a kan hanya. Masu sukarsa sun riƙa tambayar yadda mai dala 90,000 zai yi kukan zalunci, amma tambayar ta kauce wa batun. Yawan albashi bai nuna adalci ba matuƙar mai biya shi kaɗai ke yanke shi. Ƙarar tasa ba ta tafi a banza ba: tun 1973 duk wanda ya shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya, ba a musayarsa sai da yardarsa.

Abin da kotu ta hana, alƙalin sulhu ya bayar. A ƙarshen 1974 Peter Seitz ya warware kwantiragin mai jifa Catfish Hunter saboda mai Oakland Athletics, Charlie Finley, ya saɓa wani sharaɗin biya. Hunter yana karɓar dala 100,000 a shekara. Cikin mako biyu kusan kowane kulob ya yi tayi, ya sa hannu da Yankees a kan sama da dala miliyan 3 na shekara biyar. Ranar nan kowa ya ga faɗin tazarar da idonsa. Ranar 23 ga Disambar 1975 Seitz ya yanke a shari'ar Andy Messersmith da Dave McNally cewa ikon sabuntawa na shekara ɗaya ne tak. Finley ya gane cewa hajar da ke rumbunsa ta kusa zama ba tasa ba, sai a watan Yunin 1976 ya yi yunƙurin sayar da Joe Rudi da Rollie Fingers ga Boston a kan dala miliyan ɗai-ɗai, da Vida Blue ga Yankees a kan miliyan 1.5. Kuhn ya soke cinikin, kuma da wannan zamanin sayar da taurari da tsabar kuɗi ya ƙare. A shekarar aka yi sulhun da har yau ake tafiya a kansa: kulob yana riƙe ɗan wasa kaka shida na farko a babbar gasa, bayan nan yana da 'yancin kai kansa kasuwa. Masu kulob ba su haƙura da sauƙi ba. Daga 1985 zuwa 1987 sun haɗa baki suka daina taya 'yan wasan juna, aka kama su, suka biya diyyar dala miliyan 280.

Wannan sulhu ya raba rayuwar ɗan wasa gida biyu, kuma daga rabon ne lissafin cinikin yau ya fito. A kaka uku na farko galibi ana biyansa kusa da mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai dala 740,000 a 2024. A uku na biye alƙalin sulhu ke raba gardama, albashin yana hawa amma bai kai na kasuwa ba. Sai bayan ta shida ake yin gwanjo a kansa, lokacin da yawanci ya kusa shekara 30, ƙarfin yawancin 'yan wasa kuma ya fara juyawa ƙasa. A gwanjo wanda ya fi kowa kyautata zato shi ke cinyewa, don haka ranar da aka sa hannu an riga an biya gwanin duk abin da wani a duniya ya yarda ya kai. Lamarin kamar mai riƙe da shago ne a bakin babbar kasuwa: idan hayarsa mai araha ce kuma da sauran shekaru, kowa zai biya shi don ya bar masa wurin, idan kuwa hayar ta fi abin da shagon ke kawowa, sai ya ɗora kuɗi kafin wani ya karɓa, komai kyan wurin. Ofisoshin kulob-kulob yanzu suna da ma'auni na kimanta nasarori nawa ɗan wasa ya ƙara a kan abin da ɗan cike gurbi zai yi. Sukan ƙiyasta adadin na kowace shekarar da ta rage, su rage shi gwargwadon tsufa da haɗarin rauni, su mai da shi kuɗi, su cire albashi. Abin da ya saura shi ake ciniki a kansa.

Da wannan ma'auni labarin Rodriguez ya daina zama abin mamaki. A Disambar 2000, yana ɗan shekara 25, mai Texas, Tom Hicks, ya ba shi dala miliyan 252 na shekara goma, fiye da miliyan 250 da Hicks ɗin ya sayi kulob ɗin gaba ɗaya a 1998. A fili ya cika alƙawari, hom-ran 52, 57 da 47 a kaka uku, ko da yake a 2009 ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun ƙwayoyin ƙara kuzari a waɗannan shekarun. Duk da haka Texas ta ƙare a ƙarshen ƙaramin rukuninta kaka uku a jere. Da aka tashi rabuwa, masu iya ɗaukar irin wannan nauyi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, shi kuma yana da sharaɗin cewa ba a tura shi inda ba ya so. Boston ce ta fara zuwa a Disambar 2003, Rodriguez ya yarda a rage masa kuɗi, ƙungiyar ƙwadago ta ƙi, domin dokarta ba ta yarda a zaftare darajar kwantiragin da aka riga aka sa wa hannu ba. An zagi ƙungiyar sosai a kan wannan, amma tana da gaskiya. Da ta bari, da kowane kulob ya koyi matsa wa tauraronsa lamba har sai ya sayi 'yancin tafiyarsa da albashinsa. Saura mai saye ɗaya, Yankees, mai saye ɗaya kuwa shi ke yanke farashi. Dala miliyan 67 da Texas ta biya ita ce bambanci tsakanin abin da Hicks ya yi zato a 2000 da abin da kasuwa ta yarda da shi a 2004.

Ciniki biyu na baya-bayan nan sun ƙara fito da ƙa'idar. A 2017 Giancarlo Stanton na Miami Marlins ya yi hom-ran 59, aka zaɓe shi gwarzon National League. Saura dala miliyan 295 na shekara goma a kwantiraginsa na miliyan 325. Sababbin masu kulob ɗin suna son rage kashe kuɗi, shi kuma ya ƙi zuwa San Francisco da St. Louis. A ƙarshe Yankees ta ɗauke shi a kan Starlin Castro da matasa biyu, Miami ta yi alƙawarin ƙara dala miliyan 30. A watan Agustan 2022 kuma Washington Nationals ta saki Juan Soto bayan ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15. Shekarunsa 23, da sauran kaka biyu da rabi kafin ya samu 'yanci. San Diego Padres ta ba da mutum shida don ta same shi tare da Josh Bell, cikinsu har da CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood, waɗanda suna cikin matasan da aka fi sa wa rai a wasan. Gwanintar Soto ba ta ninka ta Stanton sau da yawa haka ba. Abin da San Diego ta saya da tsada shi ne kaka biyu da rabi na albashin da bai kai kasuwa ba, wato ragowar abin da Ruppert ya saya a 1919.

Ƙorafi na farko da ake yi wa wannan tsari shi ne 'yanci ya ba masu kuɗi damar kwashe gwanaye, ƙananan garuruwa kuma suka zama wurin reno. Ƙorafin yana da tushe, duk wanda ya ga Soto ya sa hannu da New York Mets a kan dala miliyan 765 a Disambar 2024 ya san kulob kaɗan ne za su iya. Amma tarihi bai nuna cewa sharaɗin riƙo ya taɓa kare marasa ƙarfi ba. Daga 1921 zuwa 1964, lokacin da riƙo ke da cikakken ƙarfi, Yankees ta ci rukuninta sau 29, ta ɗauki kofin World Series sau 20, biyar daga ciki a jere daga 1949 zuwa 1953. Daga 1978 zuwa 1987, shekarun farko na 'yanci, kulob goma daban-daban ne suka ɗauki kofin a shekara goma. Tun 1956 masanin tattalin arziki Simon Rottenberg ya yi bayanin dalili: gwani zai ƙare a inda ya fi jawo kuɗi ko da riƙo ko babu, domin idan ba a bar shi ya tafi da ƙafarsa ba, mai shi zai sayar da shi. Ruth bai zaɓi Yankees ba, Foxx bai zaɓi Boston ba, an kai su ne. Abin da ya canja shi ne aljihun da kuɗin ke faɗawa. Rashin daidaito tsakanin manyan birane da ƙanana matsala ce ta rabon kuɗin shiga tsakanin masu kulob, kuma a can ya kamata a nemi maganinta.

Ƙorafi na biyu shi ne dogayen kwantiragi suna karya kulob. Ana kawo misalin Albert Pujols, wanda Angels ta ba dala miliyan 240 na shekara goma a 2011, yana gab da cika shekara 32, ƙarfinsa ya yi ta raguwa har aka sallame shi a 2021. Ana kuma tuna cewa lokacin da Texas ta shiga kotun fatara a 2010 Rodriguez yana cikin manyan masu bin ta bashi. Sai dai babu wanda aka yi wa dole ya sa hannu, kuma masu sa hannun sun san jadawalin tsufa fiye da kowa. Tsawaita shekaru hanya ce ta biyan kuɗin shekarun ƙarfi a hankali, kuma tana rage nauyin harajin da gasar ke ɗora wa kulob ɗin da albashinsa ya wuce iyaka, domin ana lissafa harajin ne da matsakaicin kuɗin shekara. Wanda ya mori farkon yarjejeniya da rangwame ba shi da bakin kuka da ƙarshenta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka nan babbar lambar da jaridu ke bugawa takan ɓoye gaskiyar nauyin. Dala miliyan 700 da Los Angeles Dodgers ta ba Shohei Ohtani a 2023, miliyan 680 daga ciki an jinkirta biyansu zuwa 2034 har 2043 ba tare da ruwa ba, gasar kuma ta ƙiyasta ainihin darajar yarjejeniyar a kusan miliyan 460. Matsalar Texas kuwa ta fi alaƙa da masu jifa da ta rasa, da kuɗin da ta zuba a wurare irin su kwantiragin dala miliyan 65 na Chan Ho Park wanda bai haifar da ɗa mai ido ba. A wasan da kowane mai bugu ke jiran layinsa cikin mutum tara, gwani ɗaya ba ya ɗaukar kulob shi kaɗai.

Ƙorafi na uku ya fi sauran nauyi, kuma dole a ba shi haƙƙinsa: lissafin tazara ba ya ganin komai da komai. A watan Fabrairun 2020 Boston ta tura Mookie Betts, gwarzon 2018 wanda ta rena da hannunta, zuwa Dodgers. Saura masa kaka ɗaya a kan dala miliyan 27, kulob ɗin kuma yana son sauka ƙasa da iyakar haraji ta miliyan 208. Aka haɗa shi da David Price don a rage rabin miliyan 96 da ake bin Boston a kwantiragin Price, aka karɓi Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. A takarda cinikin yana da hujja, tazarar kaka ɗaya ba ta da yawa. Dodgers ta ba Betts dala miliyan 365 na shekara 12, ta ɗauki kofi da shi a 2020 da 2024, Boston kuwa, ban da kakar 2021 mai kyau, ta ƙare a ƙarshen ƙaramin rukuninta a 2020, 2022 da 2023. Darasin shi ne tazara tana faɗin abin da kasuwa za ta bayar, amma ba ta faɗin ko ya dace a sayar. Gwani na sahun farko yana tara nasarori da yawa a gurbi ɗaya, abin da matsakaita uku ba za su yi ba tunda gurabe tara ne kawai a layi. Amanar 'yan kallo ma dukiya ce, da ita ake sayar da tikiti da haƙƙin talabijin shekara da shekaru. Kulob mai arziki da ya saki irin wannan mutum don gudun haraji ya zaɓi ribar mai shi a kan nasara, kuma ya kamata a faɗi hakan da sunansa.

Duk wanda ya ji an ce albashin wani tauraro ya yi yawa har ba a iya musayarsa, ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya ɗora laifi: nawa ya saura a takarda idan aka mai da shi kuɗin yau, shekarun ƙarfi nawa suka saura a jikin mutumin, kuma wa ya ci tazarar shekarunsa na farko. Tambaya ta uku ita ce aka fi tsallakewa, alhali a can tsohon tsari yake raye. Mike Trout ya zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara a 2012, kaka ta biye aka biya shi dala 510,000. A 2015 Chicago Cubs ta jinkirta kiran Kris Bryant babbar gasa har sai da ya rasa cikar kaka da kwana ɗaya tak, ta samu ƙarin shekara guda ta riƙe shi, ya yi ƙara kuma bai ci ba. Yaran Jamhuriyar Dominika da Benezuwela suna sa hannu tun suna shekara 16, 'yan ƙananan gasa kuwa sai a 2022 suka samu shiga ƙungiyar ƙwadago. Yawancin 'yan wasa ba sa kaiwa kaka ta shida, don haka ba sa taɓa ganin gwanjon da zai rama musu. Tauraron da kwantiraginsa ya yi nauyi ya samu haƙƙinsa, wani lokaci har da ƙari, kuma ba shi ne abin damuwa ba. Gyaran da ya rage wa wannan sana'a shi ne a rage shekarun riƙo, a kuma biya matashi daidai da aikinsa a lokacin da yake yin sa, ko da hakan zai sa farashinsa a kasuwar musaya ya faɗi kamar na manyansa.